Daga Addu'ar Asuba Zuwa Bakin Mudu

  Yau zancenmu a kan mudu ne da tiya da sikeli, da kuɗin ɗan ƙwadago, da bashi. Mai yiwuwa wani ya ce shi fa shirin ibada ya kunna rediyo ya ji, me kuma ya kawo zancen kasuwa? To abin da nake so in kafa hujja a kansa ke nan: addu'ar da Kirista ya yi da asuba, da ayar da ya karanta wa iyalinsa kafin gari ya waye, ba a sanin ko sun shige shi sai an je wurin awo. Mutum yana iya rera waƙa da hawaye ranar Lahadi ba tare da ya yi asarar ko sisi ba, amma cika mudu ga baƙon da ba zai sake ganinsa ba, wannan yana cin kuɗi, kuma abin da mutum ya yarda ya yi asara dominsa shi ke nuna wanda yake bauta wa. Da Kiristoci nake magana musamman, amma maƙwabtanmu Musulmi da ke saurare, don Allah kada ku tashi, domin ku ne kuke saye a hannunmu kuna sayar mana, ku ne kuma shaidun ko abin da za a faɗa gaskiya ne.

Kowa ya san Kiristoci ba su da yawa a ƙasar Gwandu. Akwai 'yan asalin jihar Kebbi da suka zo daga ƙasar Zuru da Yawuri, akwai ma'aikata da ɗalibai da jami'ar tarayya da asibitin Kalgo suka tara, akwai 'yan kasuwa daga kudu da tsakiyar ƙasa, akwai kuma Hausawa da suka gāji bangaskiyar nan daga iyayensu. Tarihin yadda aka san Kiristanci a wannan yanki yana da abin da zai koya mana. A zamanin Turawa gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin masarautun Musulmi, ƙofar da ta buɗe daga baya kuwa ta aikin jinya ce. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, a 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, a 1950 kuma asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, bayan wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, amma mafi yawan mutanen karkara ba su taɓa buɗe shi ba. Abin da suka gani da idonsu shi ne wanda ya wanke gyambon da kowa ke gudu. Da wannan suka auna addinin, har yau kuma ma'aunin bai sāke ba, sai dai yanzu ba a ɗakin jinya kaɗai ake auna mu ba, har da rumfar hatsi da shagon magani da bakin gona.

Mu buɗe Littafin Firistoci sura 19. Surar ta fara da kiran jama'ar Allah su zama tsarkaka, mai karatu kuwa zai zaci abin da zai biyo baya dokokin hadaya ne da na azumi. Akwai kaɗan daga ciki, amma yawancin surar a gona take da kasuwa da gaban alƙali. A ciki aka hana mai gona girbe gonarsa ƙaƙaf, aka ce ya bar kala domin matalauci da baƙo. A ciki aka hana kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. A ciki aka hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, wato cutar wanda ba zai taɓa sanin wa ya cuce shi ba. Umarnin nan na ƙaunar maƙwabci, wanda Yesu ya ɗauko ya sa shi kusa da ƙaunar Allah, daga wannan sura ya fito, kusa da ƙarshenta kuma aka zo kan ma'auni na tsawo da na nauyi da na yawa, aka ce dukansu su zama na gaskiya. Bayan umarni da yawa a surar Allah yana sake ambatar sunansa, kamar mai sa hannu a takardar shaida. Wanda ya raba rayuwarsa biyu, ɓangaren majami'a da ɓangaren neman abinci, ya raba abin da nassi ya haɗa a shafi ɗaya.

Annabi Amos ya fi kowa fayyace wannan, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Makiyayi ne daga Tekowa a ƙasar Yahuza, mai kula da itatuwan ɓaure, ya yi annabci wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da Isra'ila ke cikin wadata. A sura 8 ya zana 'yan kasuwar hatsi na zamaninsa, abin lura kuwa shi ne mutanen nan ba su bar addini ba. Suna kiyaye Asabar, suna rufe rumfa ranar tsayawar wata, babu wanda zai zarge su da fashin sujada. Amma suna zaune a wurin ibada zuciyarsu tana ƙirga lokacin da ranar za ta wuce su koma ciniki, cinikin kuma ga yadda yake. A wancan zamani ba a fara buga tsabar kuɗi ba, azurfa ake aunawa a sikeli da duwatsun awo, masu tonon kayan tarihi ma sun samo irin waɗannan duwatsu da yawa a ƙasar Yahuza, shekel ɗaya wajen giram 11. Ɗan kasuwa sai ya ƙanƙanta mudun da yake auna wa mutum alkama, ya kuma ƙara nauyin dutsen da yake auna azurfar mutumin, ya ci shi gaba da baya a ciniki guda. Bai tsaya nan ba, sai ya share ƙasan rumbu ya haɗa da ƙaiƙayi ya sayar a matsayin hatsi. Ƙarshen abin, talakan da aka yi ta tauyewa ya faɗa bashi, har a sayar da shi a bakin kuɗin takalmi. Hukuncin da Amos ya sanar ya haɗa da wata irin yunwa da ba ta abinci ba, yunwar jin maganar Allah, mutane su yi ta yawo suna nema ba su samu ba. Wannan ya kamata ya tsorata duk mai karatun safe. Mutumin da ya saba jin nassi yana tauye mudu, wata rana zai buɗe littafin ya karanta har ƙarshen sura, babu abin da ya taɓa shi.

Yanzu mu dawo gida. Jihar Kebbi jihar shinkafa ce, daga fadamun Argungu da Suru har zuwa Yawuri, ga albasar Aliero, ga gero da dawa da wake da ake kaiwa kasuwar Jega. Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda ake awo ya san hanyoyin algus, ba sai an koya masa ba. Akwai bubbuga gindin kwano ya shige ciki don ya rage ɗauka. Akwai tiya biyu, babba ta saye a hannun manomi, ƙarama ta sayar wa mai cefane. Akwai yayyafa wa shinkafa ruwa kafin a ɗora ta a sikeli, da zuba yashi ko tsakuwa a tsakiyar buhu, da jera manyan albasa a baki a cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai dillalin da zai gaya wa mai kaya farashi ɗaya, ya gaya wa mai saye wani, ya ci tsakani, sa'an nan ya karɓi la'ada a hannu biyu. Ba a hatsi kaɗai abin ya tsaya ba: mai sayar da fetur a galan, da mai shagon da ke miƙa maganin da kwanansa ya ƙare, da makanikin da ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, da ma'aikacin da ke sa hannu a rajista ya ɓace kafin azahar, duk mudu ɗaya suke tauyewa. Gwamnatin tarayya tana da sashen kula da ma'aunai a ma'aikatar ciniki, amma jami'insa ba zai bi kowace rumfa a kowane ƙauye ba. A mafi yawan ciniki babu mai duba hannun mai awo sai Allah da shi kansa. Ba kuma zan ɓoye ba, ana samun masu sunan Kirista a cikin masu wannan aiki, wasunsu ma suna da kujera a gaban majami'a.

Maimaitawar Shari'a sura 25 ta ƙara wani abu da ya shafi hali kai tsaye. Ba amfani da ma'aunin zamba kaɗai ta hana ba, ta hana ma a ajiye ma'auni iri biyu a jaka ko a gida. Dalilin a fili yake: wanda ya ajiye ƙaramin kwano a ƙarƙashin tebur ya riga ya yanke shawara tun kafin mai saye ya iso, jira kawai yake ya ga fuskar da za ta ruɗu, yaro ne aka aiko, ko tsohuwa, ko Bafulatanin da ya shigo daga ruga, ko baƙon da bai iya harshe ba. Ashe zunubin ba a hannu ya fara ba. Ya fara ne daga tsoron cewa Allah ba zai ciyar da shi ta hanyar gaskiya ba, da raina mutumin da ke gabansa, da kwaɗayin da ba ya cewa ya isa. Waɗannan uku kuwa su ne ainihin abin da addu'ar asuba ya kamata ta yi yaƙi da su. Manomin rani ya san injin ban ruwa yana iya kwana yana ruri yana shan mai, amma in hanyar ruwan ta fashe a tsakiya, shinkafar da ke ƙarshen gona za ta bushe. Haka ibadar da ba a gyara mata hanya zuwa wurin sana'a ba. Gyaran ba wuya gare shi ba wajen fahimta. Idan maigida ya karanta aya da iyalinsa, kada a rufe littafin sai an tambaya: yau da wa za mu yi hulɗa, a ina kuma wannan magana za ta ci mana kuɗi ko ta ci mana girman kai? Mai roƙon abincin yini a cikin addu'ar da Ubangiji ya koyar ya riga ya amince cewa daga hannun Allah abincin zai fito, bai kamata ya tashi daga durƙuso ya je ya ƙwace shi daga kwanon wani ba.

Na san akwai mai cewa, malam, wannan wa'azin ayyuka ne, mu kuwa ta wurin alheri aka cece mu. Gaskiya ne, kuma babu mudun da zai saya wa mutum gafara, ko da ya cika shi ya yi tozo har yana zuba. Amma a karanta Afisawa sura 2 har aya ta 10, kada a tsaya a ta 9. Manzo Bulus da ya ce ceto kyauta ne, a numfashi guda ya ce an sāke halittarmu ne domin kyawawan ayyuka. A sura 4 ta wannan wasiƙa ya gaya wa tsohon ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci, wato alheri ya juya hannun da ke ɗauka ya zama hannun da ke bayarwa. Da mutane suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da tuba ke bukata, a Luka sura 3, bai ƙara musu kwanakin azumi ba. Ya gaya wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya gaya wa sojoji su bar ƙwace da ƙazafi su ƙoshi da albashinsu. Saboda haka cikakken mudu ba kuɗin shiga ba ne, shaida ce cewa an shiga. Wanda ya ɗauki alheri ya mai da shi lasisin algus bai fahimci abin da aka cece shi daga gare shi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba kuma zan yi kamar mai sauƙi ce ba. Mai ƙaramin jari zai ce: ni ma da babbar tiya aka auna mini, buhun da na sayo na tarar da yashi a ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, in na cika mudu alhali na kusa da ni yana ragewa yana karya farashi, yarana za su kwana da yunwa. Wannan kuka na gaskiya ne. Wasu masu wa'azi suna amsa shi da alkawarin cewa mai gaskiya zai yi arziki nan da nan. Sau da yawa amana tana jawo abokan ciniki, Bahaushe ma ya ce gaskiya dokin ƙarfe ce, amma Littafi Mai Tsarki bai yi alkawarin riba a kowace kasuwa ba, marubucin Zabura 73 ma saura kaɗan ya fāɗi da ya ga mugaye suna ƙiba shi yana shan wuya. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne akwai hanyar halal ta fuskantar tsada: a ƙara farashi a fili, a faɗa wa mai saye dalili, ya saya ko ya ce albarka ya wuce. Tsada a bayyane ciniki ce, ragi a ɓoye sata ce. Wanda aka cuta a sama kuma, in ya juya ya cuci na ƙasa da shi, bai rama a kan wanda ya cuce shi ba, ya dai miƙa zaluncin ga gwauruwar da ta zo sayen rabin mudu. Sa'an nan akwai nauyi a kan ikkilisiya. In muna gaya wa 'yar'uwa mai sayar da gari ta riƙe gaskiya ko da za ta yi asara, wajibi ne zumuntar mata da dattawa su san halin da jarinta ke ciki, su saya a wurinta, su tallafa mata in ta durƙushe. Ba daidai ba ne mu ɗora wa matalauci farashin tsarki shi kaɗai, mu masu albashi muna tafa masa daga nesa.

Batun ɗan ƙwadago gajere ne, domin nassi bai bar wurin musu ba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce hakkin masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma yana isa kunnen Ubangiji. Lokacin dashe da yankan shinkafa, fadamun jihar nan cike suke da samari da mata masu aikin yini, waɗanda abin da aka ba su da yamma shi ne tuwon dare. Kiristan da ya ce wa irin wannan mutum ya dawo jibi, alhali kuɗin na aljihunsa, ya hana wani gida cin abinci, ko da ya biya daga baya. Haka mai gidan da ke riƙe albashin yarinyar aiki, haka makarantar ikkilisiya ko kwamitin gini da ke jan kuɗin malami ko na birkila wata da watanni ana cewa aikin Ubangiji ne. Sunan Ubangiji ba ya halatta abin da Ubangiji ya hana.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa, cin sa ba laifi ba ne. Halin mutum yana fitowa ne wurin biya. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, manoman shinkafa da yawa suka amfana, amma sanannen abu ne cewa maido da rancen ya zama matsala a jihohi da dama. A nan dole a bambanta mutum biyu. Akwai wanda ambaliya irin ta 2020 ta shanye gonarsa bai tsira da ko buhu ɗaya ba, wannan ba mayaudari ba ne, abin da ke kansa shi ne ya je ya bayyana halinsa, kada ya ɓuya. Akwai kuma wanda ya girbe ya sayar, ya ƙara aure ko ya sayi babur, ya ce kuɗin gwamnati rabonsa ne na arzikin ƙasa. Zai kawo hujja cewa manya suna kwashe abin da ya fi wannan sau dubu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ya sa hannu a kan alkawarin biya, Zabura 15 kuwa ta siffanta mai zama a gaban Allah da cewa yana cika alkawari ko da ya zame masa asara, Zabura 37 ta sa ci ba biya a cikin halayen mugu. Satar babba ba ta wanke ta ƙarami, rancen da ba a maido ba kuma manomin baɗi ne ya rasa shi. Mai ba da bashi ma nassi bai ƙyale shi ba. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ke ci, Nehemiya kuma a sura 5 ya tsawata wa manyan Yahudawa da suka karɓe gonakin 'yan'uwansu a lokacin yunwa, ya sa suka mayar. Kiristan da ke ba manomi kuɗi da bazara, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan zai karɓi amfanin gona da kaka a farashin wulaƙanci, ya dubi wannan sura da kyau. Haka mai sayen hatsi ya kulle yana jiran yunwa ta tsananta: Karin Magana sura 11 ta ce jama'a suna la'antar irinsa.

Wani kuma zai ce, muna fama da abin da ya fi wannan. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Zuru, an kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, Kirista a wasu wurare yana jin kamar baƙo ne a ƙasar haihuwarsa, yanzu ne lokacin zancen kwano? Raɗaɗin nan gaskiya ne, Musulmi da Kirista duka sun binne 'yan'uwa, neman adalci da tsaro kuma hakki ne da ba za a daina ba. Amma a lura da waɗanda aka fara rubuta wa waɗannan umarnai. Wasiƙar Bitrus ta fari zuwa ga 'yan tsiraru ce da ke warwatse cikin tsangwama, abin da ya nanata musu kuwa shi ne kyakkyawan hali a gaban maƙwabta, ya kuma ja kunnensu cewa in za su sha wuya, kada ta zama wuyar ɓarawo ko mai laifi. Annabi Irmiya a sura 29 ya gaya wa waɗanda aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar garin da suke, su yi masa addu'a. Akwai kuma hikima a ciki. Inda mutane ba su da yawa, laifin ɗaya sunan duka yake ɓatawa, amanar ɗaya kuma garkuwa ce ga duka, domin ranar da jita-jita ta tashi, maƙwabcin da ya shekara ashirin yana saye a hannunka bai taɓa samun ragi ba shi ne zai tsaya a ƙofarka. Kada kuma Kirista ya ɗauka shi ya kawo wannan ma'auni garin. Alƙur'ani yana da sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, yaran makarantar allo sun haddace ta, labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana ma a kan awo yake, ƙasar nan kuwa ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ce, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan adalci a mulki da shari'a. Maƙwabcinka ya san abin da Allah ya ce game da mudu. In ya kama ka da ragi, ba zai ce kai kaɗai ka kasa ba, zai ce abin da littafinku ya koya muku ke nan.

Saura dabara ɗaya da zuciya ke yi, ita ce ta wanke riba da baiko. Mutum ya tara ta hanyar algus, ranar godiyar kaka ya shigo da buhu a kafaɗa ana guɗa, ya fitar da ushiri, ya ji ya yi sulhu da Allah. Amos a sura 5 ya ce Allah ya ƙi bukukuwa da waƙoƙin masu danne talaka, Yesu kuma a Matiyu sura 5 ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka sura 19. Da Yesu ya sauka a gidansa, mutumin ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, a nan ne aka ce ceto ya shigo gidan. Wanda aka cuta shi ake biya, ba asusun majami'a ba. Fastoci da dattawa, ina roƙonku da girmamawa, ku riƙa faɗar wannan daga bagade ko da zai rage abin da ke shiga faranti, ku kuma daina auna ruhaniyar mutum da girman buhunsa, domin yara suna kallon wanda ake ba kujerar gaba, daga nan suke koyon abin da ikkilisiya ta ɗauka da daraja.

Mai saurare da zuciyarsa ta kāshe shi zai tambaya, yaya zan mayar, alhali waɗanda na tauye sun fi a ƙirga, wasu ma ban san inda suke ba? A fara da abin da ke hannu. Kwanon da aka bubbuge a fasa shi yau, kada a ajiye shi a ce ba za a ƙara amfani da shi ba. Wanda ka sani, ɗan ƙwadago ne ko mai bin ka bashi ko abokin cinikin da ke zuwa kullum, ka same shi ido da ido, ka faɗa masa abin da ya faru, ka biya, in ba za ka iya biya gaba ɗaya ba ku yanka lokaci a gaban shaidu. In ya rasu, magadansa suna nan. Waɗanda ba za a iya samu ba, Littafin Ƙidaya sura 5 ya nuna cewa hakkin da ba a sami mai shi ko danginsa ba ba ya komawa aljihun mai laifi, a fitar da shi domin Ubangiji, hanyar da ta fi dacewa da mu kuwa ita ce a ƙiyasta abin, a kai shi ga matalautan wannan kasuwa da aka yi cutar a cikinta, Musulmi ne ko Kirista, ba tare da shela ba. Wanda kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai, ya nemi dattijo ɗaya mai riƙe asiri ya raka shi.